Albarkar Kinga a Bakin Iyaka

Kuroshiya, dab da iyakar Montenegro
Juma'a

Yaya Teresa,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki, tana barin ki hawa bene? Ya rumfata? Ki fara sayar da tsohon cukun, sabon ki tura shi ƙarƙashin tebur.

Mun iso iyaka, amma ba mu shiga Montenegro ba. Kin dai san mu 'yan Poland ba ma buƙatar biza a can, ko fasfo ma ba dole ba ne, katin ɗan ƙasa ya wadatar. Da wannan maigidana Bogdan ya ishi kasuwarmu ta Nowy Targ tun ranar da 'yarmu Kinga ta ce a garin mijinta za a yi biki. Abin da maigidan nawa bai tsaya ya karanta ba shi ne katin roba ake nufi, wanda ake riƙewa a hannu. Shi kuwa tun da aka sa masa katin a waya ya manta da na roba. Kantin magani waya, gidan waya ma waya.

Mun ratsa Slovakiya da Hungary da Kuroshiya ba wanda ya tambaye mu ko sunanmu. Duk iyakar da muka wuce sai ya danna ham ya ce mini, "Kin gani, Jadwiga? Ke da jakarki ta takardu kamar mai zuwa kotu." Da muka zo shingen ƙarshe ya miƙa wayar kamar mai nuna hoton jika. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce wannan na amfanin gida ne. Na gwada duk abin da shekarun kasuwa suka koya mini. Na nuna hoton Kinga, na ce baban amarya ne, har cuku na fito da shi. Ta ce yana da ƙanshi, amma ba kati ba ne.

Katin yana aljihun rigarsa ta kamun kifi. Mijinki ya gaya miki ai, shi na kira ya ɗauko ya ba direban bas ɗin da ke zuwa nan. Bas ɗin sai Lahadi. Biki gobe.

Kinga ta ce ba za ta taka coci ba sai ta durƙusa gaban babanta ya sa mata albarka, yadda muka yi ni da ke. Taurin kan Mama ta ɗauko kaf. Dangin ango Balša kuma sun riga sun yanka raguna. Bogdan na zaune yana kallon teku, ko tsiran alade bai taɓa ba. Wannan kam ya ɗan dame ni.

Ki gaida mijinki Staszek, ki ce na gode.

Ƙanwarki,
Jadwiga

Herceg Novi, Montenegro
Litinin

Yaya Teresa,

Ina fata kuna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. An ɗaura.

Uwar ango, Milica, kifi take sayarwa, don haka ba mu sha wahalar fahimtar juna ba, rabi da baki rabi da hannu. Ta ce wa ya ce sai a falonta za a sa albarka? Ranar Asabar da safe suka tsallako wurinmu, amarya cikin rigarta, ango da iyayensa, kowa da katinsa na roba a hannu. A filin da manyan motoci ke jiran layi muka tsaya. Na shimfiɗa farin ƙyallen rumfata, wanda na nannaɗe kyafaffen cukun biki da shi, suka durƙusa a kai. Na ba su gicciyen Mama suka sumbata.

Bogdan ya daɗe yana haddar jawabi a gaban madubi. Da ya ɗora hannu a kan Kinga, abin da ya fito kawai, "Allah ya yi miki albarka, 'yar tsuntsuwata." Sai kuka da jan hanci. Direbobin da ke layi suka yi ta danna ham, wani ɗan Turkiyya har ya sauko da alewa.

Muka wuce coci muka bar shi. Ya kalli ɗaurin auren ta waya daga ɗakin haya, sanye da kwat da laktaye, ni ina ɗage masa wayata har hannuna ya sage. Na ce masa, "To Malam Zamani, ga ranar wayarka."

Jiya katin ya iso. Ya miƙa shi da hannu biyu, ma'aikaciyar ko kallon kirki ba ta yi masa ba ta ce mu wuce. Milica ta ajiye masa kafaɗar rago, ya ci da sanyinta yana yabo.

Rigar Kinga har yanzu tana ƙanshin hayaƙin cuku daga gwiwa. Ta ce ba za a wanke ba.

Yaya, don Allah kada ki ba da labarin nan a kasuwa. Ki bari in dawo. Ni zan ba da.

Taki har kullum,
Jadwiga