Na Bincika Har Kakanshi

Argungu, 3 ga Mayu, 2007

Zuwa ga ƙanena Zulkifli,

Bayan sallama, ina fatan kai da Mansura da yara kuna lafiya can unguwar Gesse a Birnin Kebbi. Takardarka ta iso, na karanta, raina ya ɓaci.

Kai za ka koya mini bincike? Dillalan albasa ba don digiri suka ba ni shugabancin ƙungiya ba. Da muka shirya zuba ajiyarmu cikin asusun haɗakar hannun jari, wanda manaja guda ke juyawa a madadin kowa, ni na ce a dakata sai na san manajan. Sunanshi Ja'afar. Na tura mutum har garinsu, yadda ake yi wa mai neman ɗiyarka. Ubanshi limami ne. Kakanshi bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Gidan nan ko mai shan taba babu. Sannan na miƙe gaban jama'a na ce wanga yaro ni na lamunce shi.

Yanzu kai ka ce in tai laburare in zauna cikin 'yan makaranta ina buɗe tsoffin jaridu, in karɓo ɗan littafin da ake rabawa kyauta a banki. Tun ina dakon buhu a Gulma ban ga abin kirkin da ake ba mutum kyauta ba. Ƙarshen wata za mu kai kuɗin. Ka tsaya ga allonka da allinka.

Wassalam. Yayanka,
Alhaji Hodi

Birnin Kebbi, 11 ga Mayu, 2007

Yaya Alhaji,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan su Hajiya Laure suna lafiya. Allah ya huci zuciyarka, amma ka karanta har ƙarshe.

Tunda ba za ka je ba, ni na je. Jaridu na buga farashin waɗannan asusu, ana ganin wanda ya hau da wanda ya sauka. Hukumar hannun jari tana da sunayen masu rajista, kowa na iya tambaya. Ɗan littafin banki kuma yana faɗin wanda ke riƙe da asusu da inda ya yi aiki a baya. Ko kwabo ban biya ba.

Kamfanin yana da rajista, wannan ka kwantar da hankali. Amma Yaya, Ja'afar ya bar aikin tun kafin azumin bara. Sanarwar tana cikin jarida har da hotonshi. Wanda ya gaje shi, asusun da ya riƙe kafin nan rufewa aka yi. Ban ce ɓarawo ne ba. Na ce ba ku san shi ba. Wakilin kamfanin da ya zo Argungu da tsohuwar takarda ya zo, ku kuma ba wanda ya duba shekarar da ke jikinta.

Ka bincika gida na ƙwarai, sai dai ɗan gidan ba shi za ka ba kuɗin mutane ba. Ga kwafin jaridar nan.

Ƙanenka mai biyayya,
Zulkifli

Argungu, 19 ga Mayu, 2007

Zulkifli,

Sallama. Ban yarda da jaridarka ba, sai na shiga mota da kaina na tai wajen liman. Ya yi mini shimfiɗa, ya kawo fura, ya ce ai ɗanshi na Ikko yana harkar siminti. Ya yi mamakin ban sani ba. Na sha furar, na yi godiya, na kamo hanyar gida.

Ka san abin da ka jawo mini? Ummaru, wanda tun farko ya ce gara a gina rumbu, jira yake in yi tuntuɓe. In na yi shiru aka kai kuɗin, watakila a ci riba, ba mai jin komai. In na buɗe baki, to na ce wa masu furfura Hodi ya lamunci mutumin da ba ya nan. Kai albashinka na zuwa ko ka yi kuskure a aji. Ni maganata ce jarina.

Kuma da ka tashi tona ni, a kan teburin laburare ka tona ni, a kyauta. Wannan ya fi ƙona mini rai.

Ka gaida yara. Kai ban gaishe ka ba.
Alhaji Hodi

Argungu, 27 ga Mayu, 2007

Zulkifli,

Assalamu alaikum. Na faɗa musu da bakina, a tsaye. Kuɗinsu na nan ba a taɓa ba. Ummaru ne shugaba yanzu.

Kada ka zo mini jaje. In za ka zo, ka zo da littattafan sauran kamfanonin duka, na bana. Ummaru ba ya karanta Turanci, kuma na san ƙofata zai ƙwanƙwasa.

Yayanka,
Alhaji Hodi