Rafin da Ke Bayan Raga

Nuzla, Jidda

Ƙanena Abdulghaffar, Daraktan Wasanni,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara, ya ƙafar Inna?

Wasiƙarka ta iso, kuma wallahi na jinjina wa manyanku. Shekara ashirin da shida ina sayar da turare a Jidda, ina zaton da malamai da littattafai ake auna jami'a. Ashe rumfa ce irin tawa: wa ke wucewa ta ƙofarka, mutum nawa ke tsayawa. Ka ce manyan jami'o'i sun fasa tsohuwar gasar ƙwallo sun kafa sabuwa, saura gurbi ɗaya, kuma kamfanin aika kuɗin da ya ɗauki nauyinta idon mazauna ƙasar waje kawai yake nema. In ba a ɗauki Jami'ar Rafin Gaude ba, masu kyamara za su tattara, ba a ƙara nuna wasanku a intanet. Sannan wai takardar kamfanin ta nuna masu kallonku a Saudiyya mutum uku ne.

Uku! Bari in gabatar maka da su. Na farko talabijin ɗin shagona ne, kawunan da ke kallonsa sittin. Na biyu na shagon ɗinkin Nomau ne a unguwar Waziriyya. Na uku na gidan Hajiya Haoua, inda mata ke taruwa. Mu da ko tuwo ba ma ci kowa da kwanonsa, balle kallo?

Kada ka ɗauka ƙwallon muke kallo. 'Yan wasanka dai Allah ya shirye su. Bayan ragar yamma muke kallo. Filinku ba katanga, duk sanda aka kai hari can sai ga rafi, ga giginyu, ga hanyar kasuwa. A nan rana ta riga ta faɗa teku, mun idar da magariba, sai mu tarar da ita can tsaye kan giginya kamar jiranmu take yi.

Akwai Baba Mahamat, mutumin Cadi, bai taɓa taka garinmu ba. Shekara talatin yana dako a tashar jiragen ruwa, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu tun tuni, in ya fita ƙasar ba dawowa. Ran da aka yi ruwa ana tsakiyar wasa ya rantse ya ji ƙanshin ƙasa. Na ce, "Baba, a shagon turare fa kake." Ya ce, "Yi shiru, Zaharadden, naka na kwalba ne."

Faɗa min abin da za a yi.

Yayanka,
Zaharadden

*

Ofishin Wasanni, Jami'ar Rafin Gaude

Zuwa ga Yaya Zaharadden,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Inna tana samun sauƙi, tana gaishe ka.

Na karanta wa kwamitin gasa wasiƙarka. Sun yi dariya, amma sun ce na'ura ba ta ƙirga kai, waya take ƙirgawa. Ranar Asabar za a yi awon ƙarshe tsakaninmu da Jami'ar Tudun Maƙera, wadda ke da filin zamani da titi mai kyau. Mu ba mu da komai sai ku. Don Allah, Yaya, ranar kowa ya buɗe wasan a wayarsa daban, ya bar shi har a tashi. Idan muka faɗi, rafin naku ma ya tafi.

Na bar ka lafiya.

Ƙanenka mai biyayya,
Abdulghaffar

*

Nuzla, Jidda

Darakta,

Salama da gaisuwa. Halas, an yi.

Na bi shago shago, na bi ta tasha, na ce yalla, ranar Asabar kowa ya zo da wayarsa da cajinta. Nomau ya ce wannan bidi'a ce, ya za a yi mutane su zauna wuri ɗaya kowa da taga tasa. Na ce ya yi haƙuri, na yini ɗaya ne. Baba Mahamat wayarsa mai madanni ce, na ara masa ta hannuna. Ya riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwarya cike da ruwa, bai motsa ba har aka tashi.

Da ka ga abin da ya faru. Wayoyin ba su tafiya tare, wata ta riga wata. Ana cikin wasa wani garke ya sauko rafi. Shanun suka ƙetare a hannun mutumin da ke kusa da kanta, sannan a hannun na gefensa, haka haka har bakin ƙofa. Garke ɗaya, sau sittin ya ƙetare ruwa a shagona. An ce an ci ku biyu, mu ba mu lura ba.

Hajiya Haoua ta tara wayoyin 'ya'yanta da na maƙwabta. 'Yarta Wafa', haifaffiyar nan, mai jin Hausa amma bakinta na Larabci, ta nuna giginya ta ce, "Ummi, wannan dabinon me ya same shi?" Hajiya ta yi dariya har ta koma kuka.

Mun yi namu. A gaishe da Inna.

Zaharadden

*

Ofishin Wasanni, Jami'ar Rafin Gaude

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, albishir! An ɗauke mu. Saudiyya kaɗai mutum ɗari uku da goma sha huɗu. Shugaban jami'a ya ce in miƙa godiya ga al'ummar Jidda.

Sharuɗɗan ba su da yawa: sababbin riguna, fitilu, da rumfar 'yan kallo mai allon talla a bayan kowace raga, domin kamfani ba ya son kyamara tana nuna daji. An riga an sauke bulo. Za ku ga fili kamar na Turai.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Abdulghaffar

*

Nuzla, Jidda

Abdulghaffar,

Salama. Mun ga filin. Masha Allah.

Shago ya cika tun kafin kiran salla. Aka kai harin farko ragar yamma, sai ga katanga da koren allo an rubuta: GIDA NA KUSA. Muka jira hari na biyu. Baba Mahamat ya matso ya ce, "Ɗan karkata talabijin ɗin, ko za mu hango ta gefe." Na karkata masa. Kafin hutun rabin lokaci sun zame ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa.

Ban ga laifinka ba. Ni da na tsufa a kasuwa na sallama kaya ban tambayi me mai saye zai yi da su ba.

Ni da Nomau da Hajiya ba za mu kashe namu ba, saboda kai. Ranar Asabar takardarku za ta sake nuna uku, wannan karon gaskiya ta faɗa.

Baba ya ce in tambaye ka ko an yi ruwa. A gaishe da Inna.

Yayanka,
Zaharadden

Af, ka tambayar min kwamiti, tunda sun fi ni sanin rumfa: wanda ya toshe ƙofarsa da allon talla, me yake tallatawa?