Tun da Aka Raba Shi da Akuyarsa, Dokinmu Ya Daina Gudu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni mahayin dokin sukuwa ne. Dokin na yayana ne, shi ke ciyar da shi, ni ke hawa. Muna kiransa Akawal. Ba yabon kai ba, in muka fito fili sauran mahaya sai su fara lissafin wa zai zo na biyu. Tun yana ɗan ƙarami yake kwana da wata tsohuwar akuya mai ƙaho ɗaya, yara suka sa mata suna Gwaggo. Tare suke cin dusa, ita ke kwanciya tsakanin ƙafafunsa, ko wurin gasa muka je da ita muke tafiya, ana yi mana dariya.

To, da Akawal ya yi suna, sai Yaya ya gina masa sabuwar barga har da fanka. Ya ce akuyar nan wari take yi, kuma abin kunya ce in manyan baƙi sun zo kallon doki. Ya ba ƙanwarmu ita kyauta. Anti, ni na ja igiyarta na cusa ta a bayan mota, har ina tsokanar ta wai ta yi ritaya. Akawal yana haniniya yana dukan ƙofa, na ce zuwa gobe zai manta.

Bai manta ba. Harawa sai ya shinshina ya bari. Yini yake yana zagaye a barga, ya ciccije katakon ƙofa. A fili kuwa, tun kafin a tashi ya jiƙe sharkaf da gumi, kunnuwa a kwance, in na ja linzami dama sai ya yi hagu. Gasar da ta wuce mu muka rufe baya. Haushi ya sa na zuba masa bulala, abin da ban taɓa yi ba, yanzu in na miƙa hannu kau da kai yake yi. Wallahi wannan ya fi faɗuwar yi mini ciwo.

Likitan dabbobi ya duba shi daga haƙori har kofato, ya ce lafiyarsa ƙalau. Matata ta ce bakin mutane ne. Yaya ya ce iskanci ne kawai, kuma in bai taɓuka komai ba a gasar ƙarshen wata zai sayar da shi. Ni zuciyata tana ga akuyar nan, amma ta yaya ƙato kamar ni zai tsaya gaban yayansa ya ce doki kewar akuya yake yi? Ban taɓa musa masa ba tun rasuwar mahaifinmu. Yaya zan yi?

Mahayi mai da-na-sani

AMSA

Ɗan'uwa, sannu. Ni ko jaki ban taɓa hawa ba, don haka sai da na tambayi masu kiwon dawaki, kuma babu wanda ya yi dariya. Sun ce doki dabba ce mai son abokin zama, in ya saba da wani, ko akuya ce ko jaki, rabuwar tana taɓa shi ƙwarai. Wanda hankalinsa bai kwanta ba kuwa, ƙarfinsa a fargaba yake ƙarewa tun kafin a fara gudu. Ku kun canja masa ɗaki, kun ɗauke abokiyarsa, sannan hannun da ya yarda da shi ya dake shi. Da wace zuciyar zai yi tsere?

Kada ka ɗauki yayanka mugu. Wanda ya sa wa doki fanka ba ƙin sa yake yi ba, gata ya so yi masa, ya yi kuskure. Saboda haka kada ka je masa da zancen wa ya yi laifi. Ka same shi shi kaɗai, ka ce kana roƙon a gwada dawo da akuyar na ɗan lokaci, in baƙi za su zo a ɗaure ta a baya. In yana ganin girman likitan, ka roƙi likitan ya sa baki. Ka kuma nemi a janye Akawal daga gasar nan, don ko Gwaggo ta dawo yau, ba lallai ya warware kafin ƙarshen wata ba.

Bulala kuma ka rataye ta. Ka riƙa shiga barga ba tare da sirdi ba, ka goge masa jiki, ka zauna kusa da shi har ya kawo kansa da kansa. Ba zan yi maka alkawarin zai koma cin gasa ba, amma yardarsa za ka iya dawo da ita.

Kunyar da kake ji ta minti kaɗan ce, sayar da shi kuwa babu dawowa. Ka kira ƙanwarku yau ɗin nan, kafin wani ya lura tsohuwar akuyar ta yi ƙiba ya sa mata wuƙa. Kai ka ja igiyar ka fitar da ita Akawal yana kallo, to kai za ka jawo ta ka shigo da ita, shi ma ya gani.

Allah ya daidaita tsakaninka da yayanka, ya kwantar wa Akawal da hankali.