Shagon da Aka Auna Daga Waje

Zuwa ga Alhaji, ɗan kwangilar da ya gina sababbin shagunan bulo a bakin titin Kankiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne mai fataucin geron nan na Dudunni da ya sayi shago na huɗu tun ana haƙa tushe. Sau uku ina zuwa gidanka ana ce mini ka yi Kaduna, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na farko, takardar da ka sa wa hannu ta ce tsawo ƙafa ashirin, faɗi sha huɗu. Ban yi boko ba, amma ba na sayen abu da ka. Na ari tef ɗin awo wurin malamin gona, na zana awon a ƙofar gidana, na jera buhu ashirin a ciki har da hanyar wucewa. Hawa biyar, buhu ɗari ke nan. A kan haka na biya, a kan haka na tara gero.

Na biyu, ranar da aka ba ni makulli, buhu sittin ne suka shiga, su ma da ƙyar. Na sake sa tef: tsawon da aka ce ashirin bai cika ƙafa sha huɗu ba! Magatakardanka ya ce haka ake awo a birni, daga bayan bango zuwa bayan bango, har da baranda. Na bincika, an ce lalle akwai wannan awo. To, me ya hana ka faɗa? Mu nan daga ciki magini ke auna ɗaki, inda za a shimfiɗa tabarma. Haba Alhaji, wa ya taɓa zuba gero a cikin bango?

Raina ya ɓaci ƙwarai. Buhu arba'in na nan jibge a baranda, goma daga ciki ajiyar surukina ce, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Roƙona biyu ne. Sauran shagunan da ba ka sayar ba, ka rubuta wa mutane awon ciki daban, na waje daban. Ni kuwa ba na neman ko kwabo. Tunda a takardarka baranda shago ce, turo magini ya zagaye ta da bulo, ya sa mata ƙofa, kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Mai shago na huɗu.