Tsokar Ɗana a Cikin Kwalba

Daga Limancin Kona, birnin Zazzau, zuwa ga Yaya Lawal a Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta karatu, ina sanar da kai mutanen gida kowa lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma kai ne sanadi.

Ka tuna ranar da na haifi ɗana babu rai, cikin bai cika ba, maigidana Malam ya tafi fatauci? Ungozoma ta naɗe shi a farin ƙyalle, ta miƙa maka a bakin ƙofa, don mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Ka ce mini, "Kwantar da hankalinki Hajara, da hannuna zan sa shi." Na yarda. Wa zan yarda da shi in ba kai ba, kai da ka goya ni, ka koya mini bokon da nake rubuta maka wannan da shi?

Ashe ba maƙabarta ka fara zuwa ba. Keke ka hau, ka kai shi ɗakin binciken da kake aiki, Baturenku ya yanki tsoka a cinyarsa, sannan ka kai sauran ka rufe. Ka dawo kana yi mini sannu, har da sayo mini kanwar kunu. Kai Yaya!

Saratu ce ta faɗa mini, 'yar Wusasan nan da ke wanke muku kwalabe. Ta shigo gaishe ni, tana ta yi mini godiya wai na yi ƙarfin hali, don ka gaya musu uwar ta amince. Wace uwa? Yaushe ka tambaye ni? Ina kwance ina jini ka ari bakina ka yi magana da shi.

Ta ce ƙwayoyin naman ba su mutu ba. Kuna ba su wani jan ruwa, kuna ajiye su a wuri mai ɗumi kamar kaza kan ƙwai, in sun cika kwalba ku raba su biyu. Wai da su kuke koyon yadda tsoka ke tsirowa a jikin ɗan tayi, kuma albarkacinsu aka kai ka Ingila, kwalba ɗaya na cikin kayanka. Har kun ba su suna, na harufa da lamba. Ni ko zanen suna ba a bar ni na yi masa ba.

Sai ta faɗi wadda ta fi yi mini ciwo. Ta ce in an leƙa ta madubinku mai ƙara girman abu, ana ganin naman yana motsi, yana ɗan harbawa. Yaya, yaron nan ko yatsa bai ɗaga mini ba. Kai ka ga motsinsa, ka zo gidan nan ka ci tuwona, ba ka ce komai ba.

Na san za ka ce don amfanin mutane ne, ƙila ma gaskiyarka. Da ka tambaye ni, wallahi ban san abin da zan ce ba, amma da ni na faɗa. Ka ci amanata, kuma na rasa yadda zan ƙi ka. Har yanzu in na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida sai in leƙa, in zaci kai ne.

Ban gaya wa Malam ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka tattaro mini shi, duk kwalbar da ya shiga, a haɗa shi da sauran jikinsa a ƙasa. Amma kafin a rufe, don Allah ka zo da madubin nan cikin gida, in sa idona sau ɗaya in ga ɗana ya motsa.

Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya dawo da kai lafiya, ya ba ni ikon yafe maka, don har yau bai ba ni ba.

Ƙanwarka,
Hajara