Gidan da Baba Ya Kasa Sayarwa

Litinin, 16 ga Yuni

Hajiya mai gidan nan ta kira Baba daga Abuja. Ina wanke-wanke a bakin famfo na ji yana ta "to ranki ya daɗe, to ranki ya daɗe," har da ɗan rusunawa, alhali waya ce.

Bari in rubuta yadda abin yake ko kaina ya daina juyawa. Gidan da muke ciki a unguwar Gabukka, nan Gombe, ba namu ba ne. Baba dillalin gidaje ne, Rabe Dillali, kowa ya san shi. Tun ina aji uku na firamare Hajiya ta ba shi gidan ya sayar mata, ta ce mu zauna a ciki kafin a samu mai saye, don kada ɓarayi su kwance tagogi. Yanzu har na shiga sakandare, mai saye bai samu ba.

Ban ce Baba ba ya ƙoƙari ba. Yana kawo mutane. Sai dai ta hanyar kwari yake biyowa da su, ba ta kwalta ba, kafin su iso takalmansu sun yi nauyi da laka. Kuma daga ɗakin da yake yoyo yake fara nuna musu. Ya ce shi ba ya cin amanar mutane.

Yau Hajiya ta ce ko dai ya bar wasu dillalan su ma su nuna gidan, ko ya kawo makullai. Idan kuwa aka sayar, mu sai Bolari, ɗaki biyu a gidan ƙanin Baba, bayan tasha.

Umma ta ƙona miya.

Laraba, 18 ga Yuni

Wadda Hajiya ta turo ta zo. Sunanta Anti Lizzy, daga Herwagana. Waya biyu gare ta, ga tabarau a saman goshi wanda ban taɓa ganin ya sauko kan idonta ba.

Ta ce wa Baba, "Oga Rabe, allonka yana nan a ƙofa, sunanka yana nan, la'ada mu raba. Ni dai ka ba ni Asabar." Wai za ta buɗe get tun safe har la'asar, duk mai so ya shigo ya duba, ba sai an yi alƙawari ba. Baba ya ce, "Kamar gidan biki?" Ta ce kamar gidan biki. Umma daga bayan labule ta ce, "To wa ya haihu?"

Ni ina bayan ƙofar falo, na ɗauka na ɓuya. Sai na ji ta ce, "Ƙafafun can da gidan za a haɗa, ko za ku tafi da su?"

Na kusa narkewa.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ta sa an kai randar Umma bayan gida, wai tana cinye faɗin tsakar gida. Umma ta ce randar nan ta girmi Lizzy, kuma ta fi ta kunya.

Juma'a, 20 ga Yuni

An yi gardama a kan wanda zai zauna gobe. Anti Lizzy ta ce Baba kada ya kuskura ya leƙo. "Kai ko gidan gwamna aka ba ka, daga masai za ka fara nunawa." Baba ya ce ai dole a bar na gida saboda kaya. Umma ta ce ita ba za ta tsaya ƙattin gari suna shiga mata ɗaki ba, makwabta za ta tafi. Ƙanena Suhaib kuwa ko akuya ce ta tambaye shi sirrin gidanmu sai ya faɗa mata.

Sai duk suka juyo suna kallona.

Baba ya ce, "Batul ba ta magana fa." Anti Lizzy ta ce, "Shi ya sa nake son ta." Baba ma na ga alamar shi ya sa yake so.

Ba wanda ya tambaye ni.

Asabar, 21 ga Yuni

Innalillahi.

Tun da safe ta iso da yaro mai fenti, aka shafe tabon yoyo. Ta kunna turaren wuta a kowane ɗaki har da banɗaki. Ta jera kofunan zoɓo a faranti, ta miƙa mini, ta kafa ni a ƙofar falo kamar fitila.

Rabin waɗanda suka shigo 'yan layinmu ne. Ba gida suka zo saye ba, ƙarƙashin gadon Umma suka zo gani. Wata ta buɗe tukunyarmu ta ce, "Au, su ma wake suke ci." Wani tsoho ya yi alwala a famfo, ya yi sallar walaha a falo, ya sha zoɓo biyu, ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi.

Da rana sai ga wani Alhaji da matarsa a baƙar mota, ta kwalta suka biyo, takalmansu tas. Waɗannan da gaske suke, ko ni na gane. Anti Lizzy ta zaga da su, sai waya ta ɗauke ta can bakin get. Suka tsaya a kaina.

Alhajin ya ce, "Yarinya, famfo na kawo ruwa?" Na gyaɗa kai. "Wuta fa?" Na gyaɗa. Matar ta ce, "Akwai sauro?" Na gyaɗa, wannan ai gaskiya ne. "Macizai fa?" To a nan wuyana ya riga ya saba. Na gyaɗa. "Ɓarayi suna haurowa?" Ina ji a raina ina cewa Batul tsaya, Batul tsaya, kaina yana ta aikinsa. Ta rage murya ta ce, "An taɓa mutuwa a gidan?"

Ko zoɓon ba su ƙarasa ba.

Baba ashe yana wurin mai shayin tsallaken titi tun safe, riƙe da jaridar bara. Da yamma ya shigo da tsire a takarda ya ajiye a gabana ni kaɗai. Bai ce na mene ne ba. Suhaib ya yi kuka.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ni ban yi ƙarya ba. Ban ce komai ba ma.

Talata, 24 ga Yuni

Labari ya zaga unguwa wai akwai mesa a gidanmu. Suhaib yana gaya wa yara shi yake ba ta ƙwai. Mai kwasar shara ya ce daga yau a riƙa miƙo masa ta katanga.

An tambayi Baba a majalisa, ya ce, "Ni dai ban gani ba. Amma gida ne babba."

Asabar, 28 ga Yuni

Anti Lizzy ta gano. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta riƙe haɓata ta ce, "Ƙanwata, wannan kan, kada ya motsa. Duk abin da aka ce, murmushi kawai."

Wata malamar makaranta ta matso ta ce a hankali, "Don Allah 'yata, da gaske ne maganar macijin nan?"

Na yi murmushi.

Ta bar jakarta sai da aka bi ta da ita.

Laraba, 2 ga Yuli

Baba ya ce Hajiya "wasu dillalai" ta ce, ba ta ce ɗaya ba. Don haka Asabar mai zuwa ya ba abokinsa Sule. Umma ta ce, "Malam, Sulen da ya kai mutane duba fili ya manta inda yake?" Baba ya ce kowa da ranarsa.

Asabar, 5 ga Yuli

Baba Sule ya buɗe get, ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya ce in an zo in tashe shi. Abokansa suka zo suka yi dara. Mutum ɗaya ya shigo da gaske, ya tambayi kuɗin gida, Baba Sule ya ce sai ya tambayo, ya koma barci.

Ban riƙe faranti ba. Ranar ta yi daɗi.

Hajiya ta kira da yamma. Baba bai ma samu damar cewa ranki ya daɗe ba.

Asabar, 12 ga Yuli

An dawo da Anti Lizzy. Hajiya ta ce wannan ce ta ƙarshe, in ba a dace ba makullai.

Ruwa aka wuni ana yi, ba wanda ya zo sai wata tsohuwa da ɗanta. Mama Lois, daga Kaltungo, wai da nas ce ta yi ritaya. Ɗan, Jesse, suka shige ciki da Anti Lizzy suna maganar takardun gida. Ita gwiwarta na ciwo, sai ta zauna a dakalin baranda, daidai kusurwar da nake zama in ba na son a gan ni.

Na tsaya da farantina ina jiran tambaya. Ba ta yi ba. Muka yi ta kallon ruwa yana sauka daga kwano. Can ta ce, "Wurinki na zauna, ko?" Ta matsa, ta daɓa gefenta. Na zauna.

Ta ce tun da maigidanta ya rasu ba ta iya zama a gidansu, ko'ina shi take gani. 'Ya'yanta suna so ta dawo Gombe kusa da su, sun kai ta gidaje masu bene da tayil, duk kamar asibiti suke mata, ita kuwa ta gaji da asibiti. Ba da ni take ba ma, da ruwan take.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce mata da safe rana ba ta shigowa barandar nan sai an gama karin kumallo. Na ce mangwaron ba ya yi da yawa amma ba shi da tsami ko ɗanye ne. Tagar kicin ita ce mai iska, in aka buɗe ta da ƙofar baya tare, ko ba wuta ba a jin zafi. Na kai ta ɗakin yoyo, na nuna mata inda aka shafe da fenti, na ce nan ake sa baho, kuma in ya fara ɗiga ƙararsa tana sa barci. Na ce matar gidan da ke bayanmu in ta ji ka yi tari ta katanga, sai ka ga kunu. Na ce babu maciji, ni ce. Ta yi dariya har ta riƙe gwiwa.

Na nuna mata inda kazarmu take ɓoye ƙwai. Ko Suhaib bai sani ba.

Da suka fito ta ce, "Jesse, wannan." Ya ce, "Mama, ba ki ga ɗakunan ba." Ta ce an nuna mata.

Anti Lizzy ta kalle ni, ta sauko da tabarau kan idonta, ta sake kallona.

Sai da suka tafi na gane abin da na yi.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ban ci abinci ba. Umma ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi.

Litinin, 14 ga Yuli

Anti Lizzy ta zo da lemo katan guda, tun daga get take kira, "Oga Rabe, 'yarka ta sayar da gida!"

Baba ya kira ni. Na durƙusa ina kallon yatsun ƙafarsa.

"Ke kika yi magana?" Na ce eh. "Da baki?" Na ce eh. "Me kika gaya mata?" Na ce komai. "Har yoyon?" Har yoyon. "Ta ga yoyon da idonta, kuma ta ce tana so?"

Na ce eh. Sai ya ce, "Shekara da shekaru ina nuna yoyon nan." Ya tashi ya sa hula a karkace ya fita.

Na shiga kicin ina kuka. Umma tana naɗe faranti a tsohon zane, ita ma idonta ja. Ta ce, "Da ma ba namu ba ne, Batul. Aro ne ya daɗe." Can kuma ta fashe da dariya, ta ce duk gidan nan a rasa wanda zai kore mu sai ke.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na ji Baba a ƙofar gida yana gaya wa Baba Sule, "Ko takarda ba ta riƙe ba. Zama ɗaya. Ai abin a jini yake." Da ya ga na fito sai ya koma maganar taki.

Har yanzu bai yi mini magana sosai ba. Amma ya cire allon ƙofa da kansa, ya goge shi, ya ba ni in riƙe masa.

Asabar, 26 ga Yuli

Bolari.

Ɗakunan ƙanana ne. Taga ɗaya tana kallon mai faci, ɗayar tana kallon bango. Tun asuba 'yan tasha suke kiran Bauchi da Yola kamar garuruwan sun ɓata. Suhaib har ya yi abokai. Ni na zaga ban samu inda mutum zai zauna ba a gan shi ba.

Wajen sauke kaya, direban a-kori-kura ya jawo madubin Umma na aure ta ƙafa ɗaya, yana waya da ɗaya hannun. Sai aka ji wata ta ce, "Malam! Ajiye wayar nan ka kama da hannu biyu, ba itace ba ne!" Har masu faci suka ɗago.

Ya ajiye wayar.

Umma ta juya tana duba bayana, tana neman mai maganar. Ba kowa a bayana.

Ba wani abu ba ne. Madubi ne, kuma da ya fashe.