Ƙorafi kan Hana Jar Lamba ga Motar Charlie Zammit

Uwargida Glenys Zammit,
Lamba 9, Titin Mill,
Burrinvale, Victoria.
14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Mista Warwick Ellery,
Sakataren Sauraron Ƙorafe-ƙorafe,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci ta Gundumomin Yamma.

Yallaɓai,

Game da: gwajin ƙarfin inji na ranar 15 ga Maris, da ƙin sa hannu a sabunta lambar motar mijina

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce matar Mista Carmelo Zammit, wanda kowa ya sani da Charlie, mamba a reshen Burrinvale tun ranar da aka kafa shi. Ina rubutowa a madadinsa ne, domin yanzu yana gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Motar da ake magana a kanta Valiant Charger ce ƙirar 1972, mai silinda shida, ruwan goro, wadda ya saya sabuwa tun kafin mu yi aure. Da jar lamba take hawa titi, lambar tsofaffin motocin da aka bari yadda kamfani ya ƙera su, kuma Yallaɓai ya fi ni sanin cewa ba a sabunta ta sai shugaban reshe ya sa hannu. Shugaban reshenmu, Mista Rodney Hatchard, ya ƙi. Lambar ta mutu ranar 31 ga Maris. A wannan mota nake ɗaukar mijina duk Lahadi in zaga da shi, kuma wannan fita ita kaɗai ta rage mana. Ga ƙorafina daki-daki.

1. Ranar Asabar, 15 ga Maris, reshe ya yi taronsa na shekara a filin baje kolin amfanin gona, aka ɗauko hayar na'urar auna ƙarfin inji, wato daino, a kan tirela. Ni ban je da niyyar ɗora motar ba. Na ajiye ta a layi ne kawai, kamar yadda Charlie ya saba. Bayan tsakar rana Mista Hatchard ne ya kira ni da lasifika, ga kuma abin da ya faɗa: "Ina Valiant ɗin Charlie? A kawo ta mu gani ko za ta iya jan keken jariri!" Masu Holden da masu Ford sun shekara hamsin suna yi wa masu Valiant irin wannan ba'a, mu ma muna ramawa, don haka ban ɗauke ta da zafi ba. Na miƙa makulli. Aka ɗora tayoyin baya a kan gangunan ƙarfe, aka ɗaure motar tamau, mai na'urar, Mista Trent Halloran, ya shiga ya sa giya ta uku ya take totur har ƙasa, sai da na ji ƙarar a haƙorana. Allo ya nuna ƙarfin doki 166 a tayoyi. Jama'a suka tafa, ni ma na tafa, har da 'yar ƙwalla, ban san tarko na taka ba.

2. Tafin bai lafa ba Mista Hatchard ya sake ɗaukar lasifika. Ya ce irin wannan mota, in dai ba a taɓa ta ba, ba ta wuce doki 140. Sannan ya ƙara da cewa: "Ashe Charlie ya daɗe yana yi mana rufa-rufa! Tsohon nan ya cusa wani abu a cikin injin nan, yana zuwa yana yi mana fuskar salihai." Aka kwashe da dariya. Yallaɓai, wannan magana a gaban ɗaruruwan mutane aka yi ta, a kan mutumin da ba ya wurin, wanda ko da yana wurin ba zai iya kare kansa ba. Ba wanda ya ɗaga bonet. Ba wanda ya tambaye ni komai. Abin da aka canza a motar nan reshe ya san da shi tuntuni: salansa, saboda tsatsa ta cinye ta farko, da tayoyi, da abin ba fulogi wuta. Kafiretar da ta zo da ita, ita ce a kanta har yau. Charlie mutum ne da ya hana ni sa rediyo mai kaset don ba da ita motar ta fito daga kamfani ba, muka yi ta tafiya garin Mildura da 'ya'ya uku a baya ba abin saurare sai faɗansu. Wannan mutumin ne aka shafa wa kashin kaji.

3. Ga abin da ya faru a zahiri. Da tsakar rana iska ta taso, ta yi ta kashe wutar murhun gas da ake gasa naman sosej da albasa a kansa. Taron mota kuwa in ba sosej a burodi ai ba a yi taro ba. Sai 'yan kwamiti suka ja murhun suka kai shi bayan tirelar daino, inda iska ba ta kaiwa. A jikin sandar rumfar da ke wurin ne Mista Halloran ya rataye ɗan ƙarfen da ke auna zafin iska. Yadda aka yi mini bayani, inji yana rage ƙarfi idan iska ta yi zafi, saboda haka na'urar takan duba zafin ta yi wa mota ciko a lissafi. Murhun nan kuwa gab da sandar aka girka shi. Ni kaina na tsaya a wurin na sayi sosej, na ga mai gashi yana rataye tsummansa a wannan sandar. Ranar 18 ga Maris na kira Mista Halloran a waya, bai yi mini gardama ba. Ya ce: "Gaskiya, Mama, da na zo naɗe kaya na tarar da abin duk maiƙo, har da guntun albasa. Na'urar ta ɗauka a tsakiyar hamada muke. Duk motar da ta hau bayan tsakar rana an yi mata kyautar dawakai." Ya ce a shirye yake ya dawo a sake gwaji idan reshe ya kira shi, ya kuma yarda in ambaci sunansa a nan.

4. Na kai wannan bayani zaman kwamiti na ranar 25 ga Maris, ina zaton za a ji kunya a gyara. Na roƙi a sake gwajin. Mista Hatchard ya ce: "Haba Glenys, na'ura ba ta ƙarya. Ki koma gida ki huta, wannan ba fagenki ba ne." Sauran suka sunkuyar da kai, kowa yana nazarin takalminsa. Ina so Yallaɓai ya san dalili. Motar da ta hau daino bayan tamu ita ce Holden Monaro ta Mista Hatchard. Shekara da shekaru yana neman doki ɗari biyar, ya zuba mata duk abin da ake zubawa, ba ta taɓa kaiwa ba. A ranar ta kai har ta wuce. Ya karɓi kofi, an manna hotonsa a bangon mashaya, ya sa an buga adadin dawakan a ƙirjin riga yana yawo da ita a gari. Rabin 'yan kwamitin ma da yamma motocinsu suka hau, kowa ya koma gida da dawakan da ba nasa ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Su murhun ya ƙara musu girma, domin motocinsu dama a ajin waɗanda aka sauya wa inji suke. Mu kaɗai ya ƙone.

5. Abin da aka ba ni a madadi ya fi komai ɓata mini rai. An ce in kai motar wurin injiniya, in nemi lambar motocin da aka sauya wa inji, wadda ke ɗaukar watanni. Wato in sa hannuna in shaida cewa mijina maƙaryaci ne, don kada wani ya tuɓe rigarsa. Ba zan yi ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka da ya umarci a sake gwajin a gaban wakilinka, ba tare da an kunna wuta a kusa ba, kuma a ɗora Charger da Monaro duka biyun. In ana so a ɗaga bonet, a ɗaga. In ana so a kwance injin a auna, a kwance, ni zan kawo shayi. Idan ta tabbata motar tana nan yadda Charlie ya bar ta, a sa hannu a takardar lambar nan take, Mista Hatchard kuma ya janye maganarsa a bainar jama'a, yadda ya furta ta. Kofinsa ba ya gabana, ya riƙe abinsa in zuciyarsa ta yarda.

Ina roƙon a hanzarta, kuma ga dalili. Mijina yakan wuni bai ce uffan ba. Amma idan na zaunar da shi a Charger na tayar da inji, sai ya dafa ni ya ce, "Glen, a hankali da kulocin nan, ba na ubanki ba ne." Nan ne kaɗai yake kiran sunana. Likitarsa ta gaya mini in daina lissafi da shekaru. Jiya Lahadi na je da ƙaramar motata, na kai shi bakin tafki inda muka saba, na dawo da shi. Tun tafiya har dawowa hannuwansa na kan cinya, yana kallon gabansa kamar baƙon da aka rage wa hanya. Da na buɗe masa ƙofa sai ya dube ni da ladabi ya ce: "Na gode, baiwar Allah. In kin ga matata, ki ce mata ina nan ina jiranta."

Ina jiran amsar Yallaɓai kafin Lahadi mai zuwa.

Taka cikin girmamawa,

Glenys Zammit,
a madadin Carmelo Zammit, mamba, reshen Burrinvale.